Yadda zaka bi sawun tsofaffin mawaƙan R&B ba tare da sunan ƙungiya ya ruɗe ka ba

In kana son sanin mawaƙan R&B na farko-farko, wato rhythm and blues, kiɗan baƙaƙen fata na wajen 1948 zuwa 1960 a Amurka, toh kar ka yarda da sunan ƙungiya, murya zaka bi. Sunan nan sau tari na manaja ne, mawaƙan kuwa 'yan albashi ne kawai, yau suna nan gobe an sallame su an ɗebo wasu, suna yana nan yadda yake.

Fara da mutum ɗaya tak. Ni dai Clyde McPhatter nake cewa a ɗauka, don in ka riƙe shi sai ya ja ka har cikin ƙungiyoyi biyu manya. An haife shi a Durham ta jihar North Carolina a 1932, a coci ya koyi waƙa, a 1950 Billy Ward ya sa shi gaba a ƙungiyar Dominoes, da ya fita a 1953 sai Jackie Wilson ya maye gurbinsa, shi kuma McPhatter, Ahmet Ertegun na kamfanin faifai na Atlantic ya nemo shi ya ce ya haɗa tasa ƙungiyar, ita ce Drifters. A 1954 aka ɗauke shi soja, daga baya ya sayar wa manajansu George Treadwell kasonsa na ƙungiyar, kuma nan ne fa rikicin yake, don a 1958 Treadwell ya kori kowa da kowa ya ɗauko wasu samari da ake kira Five Crowns ya ce daga yau ku ne Drifters, cikinsu har da Ben E. King. Kaga kenan in ka ga Drifters, shekara zaka fara tambaya, 1953 ko 1954 McPhatter ne, 1959 ko 1960 yawanci Ben E. King ne, mutane daban gaba ɗaya.

Sai ka koyi karanta fuskar faifai. Masu ɗora tsofaffin waƙoƙi a YouTube da yawa suna sa hoton takardar da ke tsakiyar faifan garmaho, ka tsaya ka zuƙo hoton, zaka ga sunan kamfani, Atlantic na New York ne, Chess na Chicago, King da ƙaninsa Federal na Cincinnati, Specialty na Los Angeles, sannan akwai lambar faifan, ita zaka kai shafin Discogs, mai tara bayanan faya-fayai, ka tabbatar da shekara. Kuma dan Allah ka saka iyafis. In aka ce maka waƙar 1951 ce amma kana jin ganga a kunnen dama, fiyano a na hagu, sauti tas babu ko ƙas-ƙas, ka yi shakka, don faifan sitiriyo sai wajen 1958 ya shiga kasuwa, wataƙila wadda suka sake rerawa ce bayan an manyanta, wani lokacin ma mutum ɗaya ne kacal ya rage daga 'yan asali.

Wajen sauraro ka raba muryoyin kamar yadda kake raba mawaƙi da 'yan amshinsa. A ƙungiyar Ravens ka bi muryar ƙasa ta Jimmy Ricks, Orioles na Baltimore ka bi Sonny Til, daga su ne aka yi ta yayin sunan tsuntsaye, Crows, Penguins, Flamingos, abin har da ban dariya. Ka kuma leƙa baya ka ga daga ina mutum ya taso, yawanci coci ne. Sam Cooke shekaru ya yi a Soul Stirrers yana waƙar addini, da zai gwada ta soyayya a 1957 sai aka rubuta Dale Cook a faifan don kar masoyansa na coci su gane, amma ina, murya ba ta ɓuya.

Kar jadawalin Billboard, mujallar da ke jera waƙoƙin da suka fi tashe, ya yaudare ka. Sai a 1949 mujallar ta koma kiran jadawalin baƙaƙen fata da rhythm and blues, kuma daban yake da na pop, toh waƙa tana fara tashi a can sai babban kamfani ya ba wa farar fata ya maimaita ta, shi ya kwashe ciniki, haka Georgia Gibbs ta yi da waƙar LaVern Baker a 1955, haka Pat Boone ya yi ta yi da na Fats Domino da Little Richard. In ka ga waƙa ɗaya mutum biyu, nemi wadda ta riga fita.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne ƙananan sunayen da ke ƙarƙashin sunan waƙa, na marubuta, alhali nan kuɗin yake. Frankie Lymon yana ɗan shekara 13 ya yi tashe da ƙungiyar Teenagers a 1956, amma sunan ɗan kasuwa Morris Levy ya ƙare a jerin marubutan babbar waƙarsu, Lymon ya rasu a 1968 yana da 25, abokansa Herman Santiago da Jimmy Merchant suka ci shari'a kan haƙƙin rubuta waƙar a 1992, kotun gaba ta rushe hukuncin a 1996 wai sun makara. Ruth Brown kuwa, wadda cinikinta ya ɗaga Atlantic tun 1949, sai da ta yi aikatau da tuƙin bas ɗin 'yan makaranta, fafutukarta kan kuɗin kasonta ce ta kai ga kafa gidauniyar tallafa wa tsofaffin mawaƙa ta Rhythm and Blues Foundation a 1988. Duk mawaƙin da kake bi, ka rubuta shekarar da ya bar kamfaninsa na farko, ka duba wa ke riƙe da waƙoƙin daga nan.