In ɗan sanda ya tare ka da mota a Amurka

'Yan uwa masu tuƙi a Amurka, musamman masu Uber, don Allah ku riƙe wannan, domin baƙar fata ana yawan tare mu kan abu kaɗan kamar fitilar baya da ta mutu. A kan irin wannan tarewar ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata mai suna Philando Castile a Minnesota a 2016, budurwarsa na gefensa, 'yar ƙaramar yarinya na kujerar baya, wallahi har yau abin na cin raina.

Da ka ga fitila ja da shuɗi a bayanka, gangara dama ka kashe mota, ka sauke gilashi, in dare ne ka kunna fitilar ciki, hannu biyu kan sitiyari inda zai gani. Kar ka fito sai ya ce. In ya nemi lasin da inshora, faɗa masa inda suke kafin ka miƙa hannu, nan ne wajen haɗarin.

In ya ce zai bincike mota kana da damar cewa baka yarda ba, amma kar ka yi kokawa. In ya ba ka tikitin tara karɓi, rubuta lambar bajonsa da lokaci, sauran gardama ka kai kotu.