Kafin ruwa ya shigo ɗaki, ku rataye takardunku

Jama'a, masu zama a unguwannin da kwata ke cika ta juyo cikin gida, ga wata 'yar dabara.

Ku samu bokitin fenti na roba mai murfi, ku wanke, ku shanya ya bushe ƙayau.
Takardar haihuwa, ta makaranta, katin asibiti, rasit ɗin haya, ku ƙulle su a leda biyu ku zuba ciki.
Ku danne murfin sosai, ku rataye bokitin a katakon rufi.

Ni da a akwati nake ajiya, ƙarƙashin gado. Dare ɗaya shara ta toshe magudanar layinmu, ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa. Da safe takardun sun manne da juna, tawada ta zube, ko sunana ba ya karantuwa. Yawon neman wasu ya fi kwashe ruwan wahala.

Ruwa daga ƙasa yake hawa, shi kuwa murfin an yi shi ne don ya hana iska shiga. Ko bokitin ya faɗo, yawo zai yi a saman ruwa.

Amma kar ku rufe takarda mai danshi, funfuna za ta cinye ta.
Gobara kuma ba ruwanta da wannan dabara, roba narkewa take. Don haka ku ɗauki hoton kowace takarda da waya, ku tura wa wani ɗan'uwa da ke wata unguwa.

In kun riga kun fita, kar ku koma ɗauko bokiti. Ruwa mai gudu, ko zurfin santimita 15 ne, yana iya kayar da babban mutum.