Kurakuran da masu shirin shiga kwas ɗin hawan tsaunuka suka fi yi

A dare na uku na kwas ɗin farko da na yi, wani saurayi da muke kwana tanti ɗaya ya zare safarsa a gaban fitila, sai ga dunduniyarsa ta saɓule, safar ta manne da naman. Takalminsa sabo ne fil, ana jibi tafiya ya saye shi. Duk cikinmu ya fi kowa ƙarfi, kullum shi ne a gaba, amma kwana biyu bayan nan aka sauko da shi. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ba dutsen ne ya kayar da shi ba. Tun a gida ya yi kuskuren.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da za ka yi doguwar tafiya da shi, ka saye shi aƙalla wata biyu kafin kwas. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za ka hau dutse da ita. Ya bar wa yatsunka sarari kamar faɗin ɗan yatsa, in ba haka ba a gangara za su riƙa dukan gaban takalmin har farce ya yi baƙi ya fita. Ka yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafarka. A kan hanya kuma, da ka ji wani wuri yana ɗumi yana gogawa, ka tsaya nan take ka manna filasta. Bororo bai fitowa sai ya yi sallama.

Kuskuren da ke biye da wannan shi ne irin motsa jikin da mutane ke zaɓa. Wani zai yi wata uku yana ɗaga ƙarfe, ƙirji ya cika, ya ɗauka ya shirya. Tsauni ba damtse yake tambaya ba, huhu da ƙafa da baya yake so. Makarantun da suka yi suna a wannan fanni, irin su cibiyar Himalaya da ke Darjeeling a Indiya, wadda aka kafa a 1954, shekara guda bayan Tenzing Norgay da Edmund Hillary sun hau Everest, da cibiyar Nehru da ke Uttarkashi ta 1965, kwana 28 suke yi a kwas ɗin masu farawa, kuma ɗalibi shi ke ɗaukar jakarsa a baya ya yi tafiyar kwanaki zuwa sansani. Saboda haka ka yi atisayen da ya yi kama da aikin: ka sa kilo biyar a jakar goyo, ka hau bene ko tudu ka sauko, kana ƙara nauyi sannu a hankali har ka kai kilo 12 zuwa 15, kana iya tafiyar awa huɗu ko biyar ba ka galabaita ba. Kada ka raina saukowa. A nan gwiwa ke kuka, kuma a nan gajiyayye ya fi zamewa.

Rajista ma ana makara da ita. Guraben manyan makarantun kan cika watanni kafin lokaci, don haka ka nemi gurbi da wuri, ka kuma karanta jerin kayan da makarantar ke bayarwa aro kafin ka kashe kuɗi a kan gatarin ƙanƙara ko hular kwano da za a miƙa maka a can.

Tufafi kuwa, matsalarsu auduga ce. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa iska ta buge ka sai rigar ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinka. A duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6.5, wato a mita 4,000 bambancinka da bakin teku ya kai digiri 26. Ka sa kaya hawa uku: na ciki na ulu ko na roba mai saurin bushewa, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, ka ƙara riga da zarar ka tsaya. Tabarau mai tare hasken rana kuma ba ado ba ne. Dusar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken zuwa idonka, ko da akwai gajimare, kuma raɗaɗin ba ya tashi sai bayan sa'o'i, ka ji kamar an zuba maka yashi a ido.

Akwai takardar lafiya da likita ke cikewa kafin a karɓe ka. Na sha ganin masu neman a sa musu hannu kawai ba tare da an duba su ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kana da asma, hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga, ka faɗa. Ka kuma san rukunin jininka game da sikila. Mai cutar sikila yana cikin haɗari sosai inda oksijin ya yi ƙaranci. Ko mai AS, wanda a ƙasa lafiyarsa ƙalau, yana iya gamuwa da matsalar saifa a sama, abin da kan zo da ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan magana ce da za ka yi da likita tun kafin ka biya kuɗin kwas.

Sai ciwon tsauni, wanda ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙuruciyarka. Daga kusan mita 2,500 yake fara kama mutane. Yakan bayyana sa'o'i kaɗan bayan an isa sabon tsayi: ciwon kai, tashin zuciya, rashin sha'awar abinci, kasala, barci ya ƙi zuwa. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni ke bayarwa ita ce, in an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Makaranta mai kyau ta riga ta tsara tafiyarta a kan haka. Inda ɗalibi ke ɓata lamarin shi ne gasa da ɓoyo. Ya riga kowa isa sansani yana haki don a ce jarumi ne, da daddare kai ya sara masa, ya haɗiye maganin ciwon kai ya yi shiru don kada a mayar da shi. Kada ka yi haka. Ka yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta ba numfashinka ya yanke ba, ka sha ruwa har fitsarinka ya yi haske, ka ci abinci ko ba ka so. In alamun suka zo, ka gaya wa malaminka a daren, kada ka bari sai safe. Sau da yawa kwana guda na hutu ya isa. Amma in mutum ya fara haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi kamar wanda ya bugu, ko magana ta rikice masa, ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wannan yana kisa, kuma maganinsa na farko shi ne a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Maganin Diamox da ake sha don taimaka wa jiki ya saba, likita ne zai rubuta maka, ba abokin tanti ba.

Na ƙarshe da nake yawan gani shi ne raina darussan farko. Ɗalibi yana ɗokin ƙanƙara, ana koya masa ƙullin igiya mai siffar lamba 8 yana hamma. A cibiyoyin Indiya da na ambata, sai wanda ya samu sakamakon A ke wucewa kwas na gaba, kuma malamai suna lura da yadda kake riƙe wa wani igiya, ba saurinka kaɗai ba. Ka samu guntun igiya tun a gida ka yi ta ƙullawa har hannunka ya iya ido a rufe, sannan ka sa safar hannu mai kauri ka sake koyo, domin da ita za ka ƙulla a can, yatsu sun sandare. Duk lokacin da za ka hau, kafin ƙafarka ta bar ƙasa, ka miƙa wa abokin igiyarka ƙullinka da ɗamararka ya duba ya ja, kai ma ka duba nasa.