Darasi na 7: Bashin Haraji a Amurka da Wa'adinsa

Wannan darasi na 'yan'uwanmu ne masu neman abinci a Amurka, irin direbobin tasi da masu kanti a unguwar Bronx. A can, hukumar da ke karɓar harajin gwamnatin tarayya sunanta IRS.

Doka ta ba IRS shekara 10 ta karɓi bashin da take bin mutum, har da tara da kuɗin ruwan da suka hau kai. Kafin 1990, shekara 6 ne. Idan wa'adin ya cika, bashin ya mutu, ba ta da ikon taɓa albashinka ko asusunka na banki a kansa.

Sai dai a lura da inda lissafin ke farawa. Ba daga shekarar da ka samu kuɗin ba ne. Daga ranar da hukumar ta rubuta bashin a littafinta ne. A ce ta rubuta maka ranar 1 ga Yuni, 2017. To, wa'adi zai cika 1 ga Yuni, 2027.

Ga inda mutanenmu ke yin tuntuɓe. Agogon nan yana tsayawa. Duk wanda ya bar Amurka ya yi wata 6 a jere ko fiye a waje, ba a ƙirga masa wannan zaman. A ce direban da aka rubuta wa bashi ranar 1 ga Yuni, 2017 ya je Damagaram ko Kumasi jinyar mahaifiyarsa, ya yi wata 8. Yana dawowa zai tarar wa'adinsa ya koma Fabrairun 2028. Haka agogon ke tsayawa idan mutum ya je kotu kan karayar arziki, kuma a ƙara wata 6 bayan an gama shari'a. Yana kuma tsayawa yayin da hukumar ke duba roƙonka na a yi maka rangwame.

Wanda bai cike takardar haraji ba sam, ko ya yi ha'inci a ciki, shi ba shi da wani wa'adi. Ko bayan shekara 30 ana iya tono maganarsa. Tarar ƙin cike takarda kashi 5 cikin 100 ce na harajin da ba a biya ba duk wata, ta rashin biya kuwa rabin kashi 1, kowacce iyakarta kashi 25. Don haka ko aljihu babu komai, a cike takardar a tura. A ganina wanda ya ɓoye yana jiran shekara 10 wahala ya saya, domin tun kafin nan za a iya riƙe masa albashi.

Harajin jiha kuma dokarsa daban. New York da Kalifoniya shekara 20 suke bi.

Aikin gida: Ka nemi takardar bayanin asusunka daga IRS, ka ja layi ƙarƙashin ranar da aka rubuta bashin. Sannan ka buɗe fasfonka, ka ƙirga watannin kowace tafiya, ka kawo aji.