Kurakuran da aka fi yi wajen kai ɗalibai nazarin namun daji da itatuwa a Yamai

Duk shekara makarantun Yamai suna kai ɗalibai gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, mai gidan namun daji a cikinsa, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da ziyarar kallon zaki da kura kawai. Yara su ruga kejin manyan dabbobi, su yi ihu, su ɗauki hoto, a dawo gida ba tare da an tambayi ko ɗaya daga cikinsu sunan itacen da ya sha inuwarsa ba. Gyaran shi ne malami ya riga ɗalibansa zuwa wurin, ya zaɓi dabbobi uku da itatuwa uku, ya shirya tambayar da kowane yaro zai amsa da abin da idonsa ya gani.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar kowane itace mai yawa a gari a matsayin ɗan ƙasa. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, ya cika titunanmu da shingen itatuwan da aka fara dasawa a kewayen Yamai a 1965, amma asalinsa daga yankin Indiya aka kawo shi. Yana da amfaninsa, sai dai yaron da bai san wani itace ba sai shi bai san dajin ƙasarsa ba. A nuna masa gawo, a bayyana masa cewa yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su sami abinci lokacin da ciyawa ta ƙare. A nuna masa aduwa da magarya da kalgo da goriba, da bagaruwar da majema ke jima da 'ya'yanta. Wannan darasi ba ya samuwa a ziyara guda, dole ne a koma ga gawo ɗaya a watan Agusta da kuma watan Fabrairu, ɗalibai su zana shi sau biyu, su gwada zanen da kansu.

Akwai kuma malaman da ke ba da sunan Faransanci kaɗai, alhali yaron ya taso yana jin kakarsa tana cewa aduwa, maƙwabcinsa Bazabarme yana cewa garbey. A rubuta sunayen duka, a tura yaro gida ya tambayi dattawa amfanin itacen.

Barin yara su tsinki ganye ko su ɗanɗana abin da ba su sani ba ganganci ne. Nonon tumfafiya yana cutar da ido, zaƙami kuma guba ne. Haka nan jefa wa birai biskit, da kusantar dorina a bakin kogin Isa, domin dabba ce mai kisa duk da kamanninta na sanyin hali.

Masu niyyar zuwa Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sukan manta cewa raƙuman dawa ba a ɗaure suke ba. Da damina suna kan tudu, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Bosso neman ganyen gawo, saboda haka wanda ya tafi ba da ɗan jagora ba yana iya dawowa bai ga ko ɗaya ba. A 1996 kusan 50 kawai suka rage, yau sun haura 600, kuma ya kamata ɗalibai su ji cewa manoman yankin da suka haƙura da ɓarnar wake a gonakinsu suna da hannu a wannan farfaɗowa. Kafin a sa ranar tafiya, shugaban makaranta ya nemi izini da bayanin halin tsaro daga hukuma da ma'aikatan gandun daji, idan kuma suka ce a dakata, sai a yi darasin a kan itatuwan da ke farfajiyar makaranta da bakin hanya.