Darasi na 9: Haɗa Akwatin Wufa don Ɗakin Ɗaukar Sauti

Samari da yawa a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas sun mayar da lungun ɗakinsu wurin ɗaukar waƙa, wasu kuma karatu da wa'azi. Ƙananan lasifikoki suna fitar da murya tas, amma ba sa iya fitar da sautin nan mai kauri, irin na babbar ganga, wanda kake jin sa a ƙirji. Wannan aikin wufa ne, wato babbar lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Ana yawan saita ta ta karɓi sautin da ke ƙasa da haz 80 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), sauran kuma a bar wa ƙananan.

Me ya sa sai da akwati? Idan fatar lasifika ta tura iska gaba, tana jan ta ne ta baya a lokaci guda. In babu shinge, iskar gaba da ta baya sai su haɗu su kashe juna, ka ji sauti fayau. Akwatin ne ke tsare iskar baya. Shi ya sa ƙaramar kafa ɗaya ta isa ta ɓata aikin.

Akwati iri biyu ne: rufaffe, da mai bututun iska. Mai bututu ya fi ƙara, shi masu kiɗan biki suke so, amma lissafinsa akwai wuya. Ga mai ɗaukar sauti a ɗaki, rufaffe ya fi, don ba ya ƙara wa sauti gishiri.

Fara sayen lasifikar kafin ka yanka katako. A kasuwar Alaba da ke Ojo za ka samu mai inci 10 ko 12. Duba bayanta, ko om 4 ce ko om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga lantarki), ka tabbata amfilifayarka za ta ɗauka. In akwai takarda a kwalin, ita za ta faɗa maka girman akwatin da ya dace. Katako kuwa, nemi MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, mai kaurin milimita 18 a kasuwar katako ta Mushin. Siriri kada ka ko taɓa shi, rawa zai yi ta yi.

Yanzu lissafi, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. Cikin akwati ake aunawa, ba waje ba. A ce tsawon ciki santimita 40 ne, faɗi 35, zurfi 30. Ninka 40 sau 35, ka samu 1,400. Ninka 1,400 sau 30, ka samu 42,000. Raba da 1,000, ya zama lita 42. Ita kanta lasifikar za ta cinye kamar lita 2 ko 3, saura wajen 39. Wannan ya yi wa yawancin masu inci 12. Da ka je wurin kafinta, ka ce masa awon ciki ne, domin ya ƙara kaurin katako.

Ramin lasifikar mai inci 12 bai kai inci 12 ba, yakan kama wajen santimita 28. Auna taka da hannunka. Rufe hanci lokacin yanka, ƙurar MDF ba ta da kyau ga huhu.

Shafa gam na katako a kowane gefe kafin ka ɗaure. Huda ƙaramin rami tukuna, sannan ka murɗa sukuru, in ba haka ba MDF zai tsage. Sa sanda guda a ciki ta tokare bango biyu. Bi duk kusurwoyi da silikon, har inda waya ta fita, ka bar shi ya kwana ya bushe. Zuba audugar matashin kai sako-sako, ba cushe ba.

Kafin ka rufe, taɓa wayoyin da batirin tocila mai bolt 1.5. In fatar ta turo waje, wayar da ke taɓa gefen batirin mai tsini (+) ita ce mai alamar ƙari. Bayan ka ɗaure, danna fatar a hankali da yatsu. In ta dawo sannu-sannu, akwatin ya rufu.

Legas garin ruwa ne, MDF kuwa da ya sha laima sai ya kumbura kamar burodi. Yi masa fenti ciki da waje, ka sa masa ƙafafun roba. Robar za ta kuma rage girgizar da ke bin ƙasa zuwa ɗakin maƙwabci, musamman a gidan haya da bango ɗaya ya raba ku.

Aikin gida: wani akwati cikinsa santimita 38 ne tsawo, 32 faɗi, 28 zurfi. Lita nawa ke nan? Cire lita 2 na lasifika, ka rubuta abin da ya rage.