Yadda za ka zaɓi tsibirin da za ka je hutu ba tare da ka yi asarar kuɗin tikiti ba

Duk wanda yake kallon hotunan tsibirai a Instagram zai zata duk ɗaya suke, farin rairayi, ruwa shuɗi, bishiyar kwakwa ta sunkuya, shi ke nan. To ba haka ba ne, musamman ga mai riƙe da koren fasfo wanda tafiyarsa za ta fara daga Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri. Kafin ka fara maganar wane ya fi kyau, fara da tambayar wa zai bar ka ka shiga.

Maganar biza ita ce farko kuma ita ce take yanke rabin jerin tun ba a je ko'ina ba. Maldibs tana buga wa baƙo biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi, matuƙar ka nuna tikitin komawa da takardar otal ɗin da ka kama, sai fom ɗin da ake cikewa a intanet kafin a tashi. Kabo Berde kuwa 'yar ECOWAS ce kamar mu, ba ka buƙatar biza, amma akwai rajista a intanet da kuɗin tsaron filin jirgi da ake biya. Zanzibar fa, tsibirin ƙasar Tanzaniya, wadda kowa yake zaton ta fi sauƙi saboda Afirka ce, Tanzaniya ta sa 'yan Najeriya cikin waɗanda dole su nemi biza tun suna gida a jira amincewa, ba a ba mu a filin jirgi, don haka kar ka yi gangancin sayen tikiti sai amsa ta fito, kuma ka nema da wuri don tana iya ɗaukar makonni. Tun watan Oktoba na 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44. Seshel ta tsaurara wa masu fasfonmu shiga a 2023, Indonesiya ma, mai Bali da Lombok, bizarta ga ɗan Najeriya wahala ce zalla. Barbados can a Karibiyan ba ta neman biza a hannunmu amma ta ina za ka bi? Yawancin hanyoyin ta Ingila ko Amurka suke ratsawa, nan kuma wata bizar ce. Dokokin nan suna canzawa, ka duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kanka, kar ka tsaya ga abin da ejan ya faɗa maka a waya.

Sannan katin rigakafin shawara, yelo kad ɗin nan. Ka yi shi tun da sauran lokaci don sai allurar ta kwana 10 ake karɓarsa. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

Na biyu hanya. Ka lissafa tafiyar daga ƙofar gidanka ba daga Legas ba, domin mu sai mun fara kai kanmu Abuja ko Kano, ko ta jirgi daga filin Sir Ahmadu Bello ko na Sakkwato, ko ta mota, kuma wannan kaɗai kwana guda ne da kuɗin masauki. Daga nan Zanzibar ta fi miƙewa, Ethiopian Airlines ta kai ka Adis Ababa ka canja jirgi ka sauka. Maldibs ta Doha ko Dubai ake bi, ta fi nisa ta fi tsada. Abin da zai ba ka mamaki shi ne Kabo Berde da Sawo Tome da suke nan kusa da mu a taswira, zuwansu yakan fi wuya don jiragen ba su da yawa, sai ka ga an yi ta yawo da kai ƙasa biyu ko uku kafin ka isa. In hutunka duka mako ɗaya ne kar ka ɗauki wurin da zuwa da dawowa za su cinye kwana 4.

Lokaci kuma a nan mutanenmu suke yawan faɗawa rami. Watan Maris zuwa Mayu lokacin da zafi yake gasa mu a Kebbi kowa yana neman inda zai gudu, daidai lokacin ne Zanzibar take cikin babbar daminarta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal ma rufewa suke. Farashi yana sauka sosai a lokacin, shi ya sa za ka ga tallan garaɓasa, amma za ka biya kuɗi ne ka zauna a ɗaki kana kallon ruwan sama. Mafi daɗinta Yuni zuwa Oktoba, sanyi-sanyi babu ruwa, kuma ya zo daidai da dogon hutun 'yan makaranta, sai dai in kai manomin shinkafa ne wannan lokacin ba ka da sukuni. Maldibs nata ranin daga Disamba zuwa Afrilu ne, wato hunturunmu har zuwa cikin lokacin zafi, amma ka kauce wa ƙarshen Disamba don Turawa sun cika ko'ina farashi ya hau. Morishos tana da lokacin guguwa tsakanin Nuwamba da Afrilu, Karibiyan tasu Yuni zuwa Nuwamba.

Yanzu babbar maganar, da wa za ka tafi kuma me za ku ci. In da iyali ne, matarka da yara ko ma da Hajiya, ni dai Zanzibar nake fara ba mutum shawara. Kusan duk mutanen tsibirin musulmi ne, za ka ji kiran salla, nama ba sai ka yi ta tambaya ba a cikin gari, matarka za ta sa hijabinta ta shiga kasuwa ba mai kallonta. Kuma akwai abin yi bayan zaman bakin ruwa, tsohon garin da ake ce wa Stone Town wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, lunguna ƙanana da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, da wurin da aka yi kasuwar bayi, da gonakin kayan ƙamshi inda za a nuna wa yara kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu ba a ƙulle a leda ba. Da yamma a lambun Forodhani da ke bakin teku a Stone Town ana jera tebura ana gasa kifi da tsire ana matse rake. Sai dai ka kula wane gefe za ka kama masauki. A gabas irin su Paje ruwan teku yana janyewa nesa sau biyu a rana, sai ka fito ka ga fili fayau mata suna aikin ciyawar ruwa a inda ɗazu ruwa yake, in wanka kake so sai ka jira ya dawo. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan bai cika janyewa haka ba amma can ne hayaniya da kiɗa da masu yawo rabin tsirara suka fi yawa, kai ka san da wa ka zo.

Maldibs iri biyu ce kuma dole ka gane wannan kafin ka biya ko sisi. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, ƙanana ƙwarai. Akwai waɗanda otal guda ya mallake tsibirin gaba ɗaya, su ne masu ɗakunan nan a kan ruwa, can ba kasuwa ba gari, duk abin da za ka ci sai a wurinsu kuma da farashinsu, ana sayar da giya, kuma kai ka wurin daga filin jirgin Male, babban birnin ƙasar, da jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa kuɗi ne daban wanda wani lokaci ya kusa kamo tikiti. Ƙaramin jirgin nan ba ya tashi da dare, in ka sauka da dare sai ka kwana a gari. Akwai kuma tsibiran da 'yan ƙasa suke zaune, irin Maafushi, waɗanda tun 2009 aka ba su damar buɗe ƙananan masaukai, can akwai masallaci, ba giya, abinci halal, farashi mai sauƙi, ruwan kuma shi ne dai wancan ruwan. Ga ango da amarya masu lissafin aljihu ni a ganina nan ne wurin. Amma yara za su gaji bayan kwana 3, don in ba ruwa ba ba wani abin yi. Ranar Juma'a kuma jiragen ruwan gwamnati ba sa aiki, ka tsara shigarka da fitarka.

Morishos tana da hanyoyi masu kyau da duwatsu da kasuwanni, musulmi tsiraru ne amma suna da yawa har da babban masallacin Juma'a a Port Louis, abincin halal bai da wuyar samu. Kabo Berde, musamman Sal da Boa Vista, busasshiyar ƙasa ce mai iska, in kore shar kake nema ba nan ba ne, ga harshen Fotugal, ga halal sai an bincika.

Wajen kuɗi ka tambayi otal a rubuce ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima da ɗauko ka daga filin jirgi, domin a Maldibs ana ɗora kashi 10 na hidima sannan harajin gwamnati a kai. Ka riƙe dala a hannu, sababbi, katin banki na naira ba abin dogaro ba ne a waje. In kuma ba ka iya ruwa ba, ko kai ɗan Yauri ne da ya saba da kwale-kwale, kar ka hau jirgin yawon teku ba rigar kariya, ka tambaya tun kafin ka biya ko suna da ta yara.